Matar da Ta Ce Ba Ta da Komai

Akwai wata mace gwauruwa a wani ƙauye, manomiya ce, mai hannun kiwo kuma. Tana da gonar dawa da ta gyaɗa waɗanda mijinta ya bar mata, da garken awaki, da itatuwan ɗorawa a bakin rafi. Daddawarta kuwa har a kasuwar birni ana cigiyarta. Amma in ka tambaye ta yaya gona, sai ta ce, "Ɗan abin da ba a rasa ba." Haka aka rene ta, cewa mutumin kirki ba ya baza arzikinsa a gaban mutane.

'Yarta ta fari ta yi aure a wata ƙasa mai nisa, can hayin teku. Sunanta Afiniki, sai dai ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin uwar. Kunyar ɗan fari ce irin ta iyayenmu, "yarinyar nan" kawai take cewa. Ana nan sai labari ya zo cewa Afiniki ta haifi ɗa namiji. Matar ta ɗaure fuska a gaban maƙwabta kamar ba ita aka yi wa albishir ba, sa'an nan ta shiga ɗaki ta taka rawa ita kaɗai. Abu ɗaya ta sa a ranta, ta je ta goya jikan nan a bayanta tun bai fara ƙiwuya ba.

Ɗanta da ke birni ya yi mata fasfo, ya cika takardun neman bizar ziyara, ya raka ta har ƙofar ofishin jakadanci. Da layi ya zo kanta, ta tsaya gaban wata taga ta gilashi. A bayan tagar akwai ma'aikaciya, kusa da ita kuma wani saurayi tafinta.

Tafintan ya ce, "Mama, wai wa za ki je gani?"

Ta ce, "Yarinyar nan."

"Sunanta ake so ki faɗa."

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ai yana cikin takardar, ɗana."

"To, me kike da shi a gida? Gona, ko dabbobi, ko wata sana'a?"

Matar ta dubi mutanen da ke bayanta, kowa ya kasa kunne. Ta ce, "Ni wace ce? Ba ni da komai, ana dai lallaɓawa."

Tafinta ya juya maganar yadda aka faɗe ta, gama aikinsa ke nan. Ma'aikaciyar kuwa ba a ƙauyenmu ta girma ba. Ta ga tsohuwa wadda ta kasa faɗin sunan 'yarta, ba ta kuma da abin da zai ja ta gida. Ta turo fasfon ta ƙarƙashin gilashi, aka ce wa matar, "Ba a gamsu za ki dawo ba."

Abin ya yi mata zafi, ta yi kukanta a mota ba wanda ya gani. Amma ba mai riƙo ba ce. Ta koma ta yi noman ƙarshe, ta ba awakinta harawa, tana rera waƙoƙin sujada kamar kullum. Duk wanda ya zo jaje sai ta ce, "Lokacin Ubangiji bai yi ba." Gaskiya ta faɗa, sai dai rabin gaskiyar ce.

Da kaka ta yi, aka sa ranar godiya a majami'a, ranar da kowane gida yake kai nunan fari gaban bagade da kiɗa da rawa. Da aka kira gidan matar, sai ga samari ɗauke da dammunan dawa, ga buhun gyaɗa, ga ƙwarya cike da daddawa, ga wani ƙosasshen bunsuru yana turjewa. Ita kuma tana biye, tana rausaya.

A hanyar gida Biriskila, shugabar zumuntar mata, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda ta ji yadda aka yi a gaban tagar, ta kama hannunta tana dariya. Ta ce, "Yaya, duk wannan kaya daga gidan nan da ba komai ya fito?"

Matar ta ce, "Ke dai ba ki rabo da tsiya. So kike in tsaya gaban jama'a ina fahariya?"

Biriskila ta ce, "Yau ma ai gaban jama'a kika tsaya. Na gani, ba ki ɓoye bunsurun a zane ba. Wanda ya ba ki fa yana wurin ranar da kika ce bai ba ki komai ba."

Suka rabu, matar ta kama hanyar gida. Maganar ta zauna mata a ƙirji, domin ba ta taɓa ganin abin ta wannan fuska ba. Da ta isa gida ta zaga rumbunta, ta leƙa garke, ta aika wa ɗanta cewa a sake neman bizar.

Ta sake tsayawa gaban tagar. Wannan karon namiji ne a bayan gilashin, tafintan kuwa shi ne dai. Ya ce, "Mama, an ga an taɓa hana ki. Wai me ya sake daga wancan zuwa yanzu?"

Ta ce, "Bakina ne ya buɗe, ɗana."

"Wa za ki je gani?"

 Kunya ta kama ta, amma ta ɗaga kai ta ce, "Afiniki. 'Yata ce ta fari." Ita kanta sai da ta ji daɗin sunan a bakinta.

"Me zai dawo da ke?"

Ta ce, "Ubangiji ya ba ni gonaki, ya ba ni awaki, wasu ma suna da ciki. Ina da masu jiran daddawata. In ruwan shuka ya sauka ba na gida, wa zai fitar da iri? Ka ce masa ko su suka roƙe ni in zauna, ba zan zauna ba."

Ma'aikacin ya yi murmushi, ya riƙe fasfon domin a buga biza.

Ta tarar jikan ya riga ya fara ƙiwuya, yana ganinta ya fashe da kuka. Wannan shi ne abin da jinkirin ya ci mata. Ta yi ta lallashinsa da haƙuri, ba a daɗe ba ta ɗaure shi a bayanta da zanen da ta zo da shi, ya yi barci. Kafin ruwan fari kuwa tana gida.

To, 'yan'uwa, ma'anar misalin nan ita ce, kunya ado ce, tawali'u kuma abin so ne a gaban Ubangiji, amma musun kyautarsa ba tawali'u ba ne. Mai fahariya yana cewa, "Ni na yi." Mai godiya yana cewa, "An ba ni." Wanda ya ce ba shi da komai alhali rumbunsa a cike yake, ya rage wa Mai bayarwa yabo, wani lokaci ma ya rufe wa kansa ƙofa.

In an hana ka abu, kada ka yi fushi, kada kuma ka ɗora wa lokacin Ubangiji laifin bakinka. Ka zauna ka bincika abin da ka faɗa da abin da ka ɓoye, sa'an nan ka koma da gaskiya cikakkiya. Ba na yi muku alkawari kowace taga za ta buɗe ba, amma za ku bar wurin ba ku ci amanar alherin da aka yi muku ba.

Da yawa a cikinmu nan muna da 'ya'yan da muke ƙauna ƙwarai, su kuwa ba su taɓa ji daga bakinmu ba. Kada ku jira sai baƙo ya tambaye ku ta bayan gilashi. In kun koma gida yau, ku faɗa musu.