Ranar da Zazzaɓin Auta Ya Sauka

Akwai wani mai kemis da unguwa ke kira Dakta, ko da yake bai taɓa zama ajin likitanci ba. Sunansa na yanka ya ɓace mini, kamar yadda abubuwa ke ɓace mini yanzu. Matarsa dai Auta ake ce mata. Auta tana da yaya, wadda ta shekara goma sha tara tana goge daɓen ɗakin majinyata a asibiti.

Wata damina ruwa ya kwanta a tsofaffin tayoyin bayan gida, sauro ya yi yawa, Auta ta kamu da zazzaɓin denge. Gwaji ma ya nuna. Ƙasusuwa kamar ana sara.

Dakta ya karanta a wayarsa cewa masu bincike sun gwada melatonin, sinadarin nan mai sa barci, a kan ƙwayar cutar cikin kwanon gwaji, sai ta rage yaɗuwa. A ƙasan rubutun an ce ba a tabbatar da haka a jikin mutum ba tukuna. Bai kai ƙasan ba. A zamanin da nake koyarwa ma, ɗalibai kaɗan ne ke kai ƙasan shafi. To, mu koma. Ya ɗauko kwalbar sinadarin daga shagonsa, ya ce ba asibitin da matarsa za ta.

Rana ta huɗu, ko ta biyar, zazzaɓin ya sauka. Yaya ta biyo daga wurin aiki, ta tarar da falo cike da 'yan dubiya. Ta shiga ɗaki ta kama hannun ƙanwarta. Sanyi ƙalau. Ga ɗigon jini a matashi, daga dasashi.

"Yaya, cikina," in ji Auta, ido a lumshe, barci na fizgarta.

Yaya ta sha goge ƙarƙashin gadajen masu irin wannan barcin.

Ta fito ta rage murya. "Ƙanena, don Allah mu kai ta yanzu. Wannan ciwon, ranar da zafi ya sauka ita ce ranar tsoro. Na ji likitoci suna faɗa, na kuma gani da idona."

Dakta bai rage tasa muryar ba. "Jama'a, ku gyara zama, farfesan tsumma za ta yi lacca!"

Aka yi dariya.

"Barcin nan ba na lafiya ba ne," in ji Yaya.

"Maganin barci na ba ta, Yaya, me kike so ta yi, rawa? Da ganin likita ke mai da mutum likita, ai da bokitinki ya buɗe asibiti."

Yaya ta fita ta samo mota. Dakta ya sallami direban a ƙofar gida, ya miƙo mata jakarta. "Ki je ki wanke hannu tukuna, warin asibiti kike." Ya ɗauki hoton Auta tana kwance, ya tura wa abokai: ta warke, ba allura, ba gadon asibiti.

Washegari da hantsi aka shigo da Auta ɗakin da Yaya ke gogewa, a sume. Likita ta tambaya yaushe zafin ya sauka.

"Jiya," in ji Dakta.

"Me ya hana ku zuwa jiya? Da ƙarin ruwa muka fara, da wataƙila..." Ba ta ƙarasa ba.

Kafin rana ta yi tsaka Auta ta cika.

Jini ya ɗiɗɗiga a baranda inda aka turo ta, kuma babu mai gogewa a ranar sai Yaya. Ta jawo bokiti tana bi, hawaye na zuba, har ta iso bencin da Dakta yake zaune, kwalbar na leƙowa daga aljihunsa.

Ya ɗago. "Yaya..."

"Dakta," ta ce, "ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga.

Darasi: Abin da ya yi aiki a kwanon gwaji bai zama magani ba sai masana sun tabbatar a jikin mutum. Rabin sani da girman kai sun fi sauro kisa, kuma gaskiya ba ta duba rigar mai faɗarta. Ku tura wa 'yan uwa, 'ya'yana, musamman masu karanta rabin shafi.