Ɗigon Jatau a Bakin Rijiya

An yi wani attajiri, Alhaji Mamuda, wanda bai yarda da kowa ba. Ya ɗauki wani mai haƙar rijiya, Jatau, don ya haƙa masa rijiya a gona, ya miƙa masa waya, ya nuna masa taswira a kwamfutarsa ta hannu.

"Ka ga shuɗin ɗigon nan? Kai ne. Wayar ta zauna a aljihunka. Ina son ruwa kafin Juma'a, ɗigon kuma kada ya ɓace. In ya ɓace, na riƙe kayan aikinka."

Kwana uku Jatau yana zaune a gonar yana cin gyaɗa. Alhaji ya zo yana huci.

"Ina rijiyar?"

"Ranka ya daɗe, umarninka nake bi. Wayar nan taurarin ɗan'adam take sauraro, ta lissafa inda take, sannan ta aiko maka. In na yi nisa cikin rami ba ta jin su, sai ɗigo ya ɓace."

"Wato in ina ganinka, zaman banza kake yi?"

"Kai ka faɗa, Alhaji."

"To daga yau in na sake ganin ɗigon nan, na kore ka!"

Washegari Jatau ya jefa wayar cikin tukunyar ƙarfe, ya rufe don kada ta ji taurarin, ya tafi sunan jikansa. Alhaji ya duba taswira, wayam. Ya gyara hula, ya ce wa abokansa, "Kun ga mai aiki! Tun safe ko shan iska bai fito ba."