Dalilin da ya sa hular sarkinmu ke kwana a ƙetare

Don Allah don Annabi, duk wanda wannan ya faɗo hannunsa, ko ya gane ni kar ya faɗi sunana. Garinmu ƙarami ne, in ka yi tari a wannan bakin ruwa sai an ce maka sannu a wancan. Karatuna bai yi nisa ba, a aji uku na tsaya na koma tallan kifi, ku yi haƙuri da yadda na iya. Yaran gidanmu ne suka ishe ni da tambaya, ni kuma ba zan iya faɗa musu da baki ba, don katangar gidanmu zana ce, ana jin komai. Wanda ya iya karatu ya karanta musu, ya ce a hanya ya tsinta.

To yara, dalilin da ya sa mu a Gungun Tagwai ba mu da sarki sai hula, hular ma a ƙetaren kogi take kwana, a kawo mana mu gani sau ɗaya a shekara a mayar, ga shi yadda kakata ta faɗa mini tana ferar kifi.

Da can ba Tagwai ake ce wa gungun nan ba. Gungu kawai ake cewa, don ɗaya ne. Ku kun taso kun ga tsibiri biyu da ruwa a tsakani, amma da a haɗe suke kamar gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Gabas akwai Tudu, wajen masu noman albasa da gero. Yamma akwai Bakin Koma, wajen masunta, inda muke. A tsakiya akwai wata 'yar siririyar ƙasa da ake ce wa Wuya. A nan gidan sarki yake, don Wuya ba na kowa ba ne. In ruwa ya cika yakan hau Wuya ya kai gwiwa, amma an tayar da gidan sarki da ƙasa, ruwa ba ya shiga.

Sarkin lokacin sunansa Barmo, tsoho ne, matarsa ɗaya, Tabawa. Aikinsa babba guda ɗaya ne. In ruwa ya janye yakan bar gaɓa mai danshi, manoma suna so su dasa albasa, masunta suna so su shanya komar kamun kifi su jawo jirage. Sai Barmo ya sa jar hularsa ya fito da sanda, ya ja layi a ƙasa, ya ce nan naku, nan naku. Kowa ya yi gunaguninsa ya tafi gida. Haka ake zaune.

Sai wata shekara aka yi ruwan da ba a taɓa gani ba. Ya cinye gidan sarki kaf, ƙyauren ɗaki kawai Tabawa ta tsira da shi, sai tukwane, sai hular da ke kan mai ita. Cindo, babban manoma, ya ce sarki ya zo Tudu ya zauna kafin ruwa ya sauka. Barmo ya je.

Bai daɗe a can ba aka kawo masa ƙarar wata akuyar Tudu da ta tauna komar wani masunci. Ya duba ya ce komar ce aka shanya a hanyar awaki. Jatau, babban masunta, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce ai dama, wanda ya ci tuwon mutum ba ya ganin laifin akuyarsa.

Barmo ya ji nauyin maganar, ya kwashe tukwane ya dawo Bakin Koma. Nan ma aka kawo ƙara, ya ba masunci gaskiya, don shi ke da ita. Cindo ya ce hukuncin nan ƙarnin kifi yake yi, su ba za su karɓa ba.

Sai aka ce to a raba kwana, yau nan gobe can. Kullum da safe a ɗora tsoho a jirgi da tabarmarsa da matarsa da tukwane. Aka yi faɗa kan wa zai samu ranar Juma'a. Aka yi faɗa wai miyar wani gefen ta fi ta wani nama, ana saye sarki da romo. Kakata ta ce har ramar da ya yi sai da aka yi gardama a gefen wa ya fi ramewa.

Da ya gaji sai ya ce a ɗaure masa jirgi a kan Wuya, a tsakiyar ruwa, nan zai zauna, kar ya ci na kowa. Tabawa ta zuba ƙasa a kasko ta yi murhu a cikin jirgin. Sauro ya ci su, bayansa ya ƙage, ƙafafunsa suka kumbura. Mai ƙara ya zo da jirginsa ta gabas, wanda ake ƙara ya zo ta yamma. Duk da haka in iska ta kaɗa jirgin sarki ya karkata wani gefe, sai ɗaya gefen su ce kun gani ko.

Wata rana Tabawa tana kwarfe ruwa daga jirgi da ƙwarya, ta ce masa, "Malam, ni dai sarki aka ce mini zan aura, ba a ce mini kada ba ne. Kadan ma yana fita ya sha hantsi."

Ya ce, "Tabawa, ni yanzu ba sarauta nake so ba. Wurin da zan miƙe ƙafa nake so."

Ya kira Cindo da Jatau. Ya ce zai haye ƙetare wurin babban sarkin can, ya ba shi ajiyar hula, shi ma ya samu ɗaki ya kwanta, in ruwa ya sauka ya dawo ya gina gidansa a Wuya. Duk su biyun suka yarda da sauri. Kowa murnarsa ɗan'uwansa bai samu sarki ba.

Suka raka shi. Sarkin ƙetare ya karɓe su da mutunci, ya sa aka saka hular a adudu aka rufe. Ya ce kafin nan zai riƙa aiko wakili ya raba musu gaɓa. Sannan ya tambayi Barmo yaushe zai karɓi ajiyarsa, don ajiya ba ta zama ba rana.

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar da mutum zai taka daga Tudu zuwa Bakin Koma ƙafarsa a bushe."

Aka sa su uku suka rantse a kan haka. Ba wanda ya ga abin tsoro a ciki, don duk shekara Wuya yana bushewa, har yara su yi langa a kai.

Ruwa ya fara sauka, bayan Wuya ya fito, taɓo ne baƙi mai kyau. To kun san halinmu, in ruwa ya shiga gidan mutum, abin da zai fara yi shi ne ya nemo ƙasa ya tayar da daɓen ɗakinsa. A shekarar nan kuwa ba gidan da ruwa bai shiga ba. Kowa yana neman ƙasa. In ka ɗiba a Tudu, gonar wani ce. In ka ɗiba a Bakin Koma, mashanyar wani ce. Ƙasar Wuya ce kaɗai ba mai ita, mai ita yana ƙetare yana jinyar baya.

Wata tsohuwa ta fara ɗibar kwando ɗaya. Maƙwabcinta ya gani ya ɗibi biyu. Mutanen Tudu suka hango suka ce masunta za su kwashe Wuya su bar su, suka fito da jakuna. Masunta suka ga jakuna suka fito da jirage. Wallahi ba wanda ya yi nufin sharri, kowa ɗakin 'ya'yansa yake gyarawa. Sai rami ya haɗu da rami. Ruwan kudu ya leƙo ya ga na arewa, suka gaisa a tsakiya. Da kogi ya samu hanya kuwa bai nemi taimakon kowa ba, shi ya ƙarasa sauran.

Barmo ya ji labari ruwa ya sauka a ko'ina. Ya sa aka ɗora masa ƙyauren nan da tukwane a jirgi, shi da Tabawa suka taho gida. Suka iso daidai inda gidansu yake, suka tarar ruwa na gudu. Ya karɓi gwangwalar tuƙi ya zura, ta shige har rabi. Mutane sun cika gaɓa biyu suna kallo, kowa ɗakinsa ya yi tudu.

Ya daɗe yana duban gwangwalar. Sannan ya ce, "Da sauran ruwa."

Ya roƙe su kowa ya mayar da abin da ya ɗiba. Cindo ya ce masunta suka fara, su fara mayarwa. Jatau ya ce kwando ai ba ɗaya yake da mangalar jaki ba, wanda ya fi ɗiba shi zai fara. Suna ta yi daga gaɓa zuwa gaɓa har rana ta yi zafi. Tabawa ta ce wa mai tuƙi ya juya, mijinta bai ci komai ba.

Barmo ya koma wurin sarkin ƙetare ya ce ko za a sassauta. Sarkin ya ce ba shi ya yanka sharaɗin ba, Barmo ne da bakinsa, kuma an rantse. Ya ƙara da cewa, in ma ya ba shi hular, a ina zai kwana da ita?

Duk shekara in ruwa ya sauka sai ya biyo wakili, da adudu a gaban jirgi, ya zura gwangwala, ya faɗi maganar nan tasa, su koma. Tun yana zurawa da kansa har sai an riƙe masa hannu. A ƙetare ya rasu. Ya ce a binne shi a bakin gaɓa inda ake hango giginyoyin Gungu. Ƙyauren nan da Tabawa ta yi ta yawo da shi, a kansa aka ɗauke shi zuwa kabari.

Shi ya sa har yau komai namu sai an haye ruwa. Shari'a a ƙetare, magani a ƙetare, malamin makaranta daga ƙetare, in ruwa ya yi ƙarfi ba ya zuwa. Wakili ya zo ya ja mana layi a gaɓa, bai san sunan kowa ba, a cika masa jirgi da albasa da busasshen kifi. Shi ya sa kuma kuke ganin ana buɗe adudu a ɗaga jar hula, asu ya ci gefenta, dattawa su zura gwangwala a Wuya su ce da sauran ruwa, kowa ya ce Allah ya kai mu baɗi.

Nan kakata take tsayawa. Sauran ni na gani, kuma shi ne abin da ya sa nake roƙo a rufa mini asiri.

Bana kogi ya sauka ƙwarai, yashi ya taru ya cike Wuya. Awaki suka fara hayewa. Ni ma na taka da farantin kifi a kaina, daga Bakin Koma har Tudu, na duba tafin ƙafata, ƙura ce. Na dawo da gudu na faɗa wa kakata hula za ta dawo gida, za mu huta da haye ruwa. Ba ta yi murna ba. Ta sa hannu ta rufe mini baki, hannun duk ƙarni.

Ana saura kwana kaɗan wakili ya zo, na je yankan ciyawar awaki bayan azahar, lokacin da mata da yara ke cikin gida. Na ji ƙarar fartanya. Na leƙa ta cikin ciyawa, sai ga mazan Tudu da mazan Bakin Koma a kan Wuya, suna haƙa. Wannan ya cika kwando ya miƙa wa wancan. Tunda nake ban taɓa ganin sun yi aiki tare ba sai ranar. Ba mai waƙa, ba mai dariya. Wani saurayi ya tsaya ya ce shi fa bai gane ba, ba abin da kakanni suka yi ta jira ba ke nan? Wani dattijon Tudu ya ce masa, "Yaro, in hula ta dawo, kan wa za ta hau? Naku ko namu? Haƙa."

Wanda ya karɓi kwandon daga hannun dattijon, Babanmu ne. Ya ɗago, muka haɗa ido.

Da ya dawo gida bai dake ni ba. Ya wanke ƙafarsa, ya zauna kamar wanda ya yi shekara yana tafiya, ya ce, "Ke, ciyawa kika je yanka, ciyawa kika gani." Na ce to, Baba.

Wakili ya zo da jirginsa mai inji. Aka buɗe adudu, aka zura gwangwala, ruwan da ya biyo ramin da suka haƙa ko taƙi ɗaya bai kai ba. Wakilin ma ya ga sabuwar ƙasa a tare a gefe, ya kau da kai yana duban buhunan albasa. Babanmu ne ya faɗa bana, da sauran ruwa. Ni ma na buɗe baki tare da kowa na ce Allah ya kai mu baɗi.

Ni dai na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Ku yara, in kun girma kuka ga Wuya ya bushe, ku taka da rana tsaka kowa na gani, ku kira mutane su duba ƙafarku tun kafin a

Ana taɓa ƙyauren zaure. Tafiyar Baba ce, bari in