Keken da Aka Liƙa wa Sunan Malam Don-Me

'Yata ta biyu ce ta fara ba ni wannan labari, ranar da ta dawo daga aiki ido jawur, ko takalmi ba ta cire ba. Ni bokona bai yi nisa ba, amma wannan sai kun ji shi.

Akwai wani mutum a ofishinsu, ofishin da ke nema wa matasa sana'a. Malam Don-Me suke ce masa, saboda ba a gama magana a gabansa bai ce "don me?" ba. In ji 'yata, ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya nemi dalili.

Duk shekara ofishin na koya wa matasa ɗinki. A kafa rumfa, a ɗauki hoto, a ba kowa keken ɗinki, a watse. Shi kuwa sai ya bi yaran har gida don ya ga inda keken ya kwana. Ya tarar da wani a bayan ƙofa an lulluɓe shi da zani, wani an jera masa kwanuka, wani tuni an sayar.

Ya shiga layin teloli, ya ga sun yi wa juna yawa, har gyangyaɗi suke a kan keke. Amma duk layin tsoho ɗaya ne ke gyara. In kekenka ya tsaya, sai ka bi layi kamar asibiti. Haka ya gani wajen famfo da firji da injin niƙa.

Ya koma ya shaida wa Darakta abin da bincikensa ya nuna: a rage ɗinki, a kai yaran wajen masu gyara. Darakta ya yi dariya har da buga tebur.

"Malam, gyara ba ya kyau a hoto. Wa zai tafa wa baƙin mai a hannu?"

Da Malam Don-Me ya ƙi yin shiru, sai aka mayar da teburinsa sito, tsakiyar kwalayen kekuna. Abokan aiki suka riƙa tsokanarsa wai an haɗa shi ɗaki da abokan gabarsa. In 'yata ta leƙa shi, sai ya ce mata, "Ƙanwata, shigo, ai ni aka ba ofis mafi faɗi." Bai daina yawon tambayarsa ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Daga asibitin bai dawo ba. Allah ya jiƙansa.

To, ina da jika, ɗan babban ɗana, ya gama karatu ya zauna har kujerar tsakar gida ta san nauyinsa. A bana shi ma ya shiga koyon ɗinkin.

Ranar rabon kekuna aka haɗa da taron tunawa da marigayi. Aka kafa ƙaton hotonsa. Darakta ya share ido da hankici, ya ce ba a taɓa yin mai kishin matasa kamarsa ba, ya ce bincikensa fitila ce. Saboda haka, don girmama shi, an ninka kekunan bana, kuma kowanne an liƙa masa sunansa.

Da aka ba matar marigayin lasifika ta yi godiya, ba ta ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, har a gadon asibiti cewa yake kada a ƙara keke. Yana raye kun rufe shi a sito. Yau kuma kun sa shi ya yarda da ku, don ba ya iya cewa don me."

Nan take lasifika ta mutu, aka saki kiɗa. Daga baya, a hotunan da suka fito babu ita. Darakta kuwa an ƙara masa girma.

Abin da ya faru a taron nan ne ya sa 'yata kuka a ranar. Muna cikin maganar sai ga jikan nawa da kekensa a bayan babur, baki har kunne, yana cewa daga yau shi zai riƙa ɗinka wa amaryarsa, wato ni, kaya. Na dubi sunan da ke jikin keken. Na tuna teloli nawa ne a layinmu.

Washegari da safe na tashe shi, na sa ya ɗauki keken, muka tafi wajen tsohon nan mai gyara. Da tsohon ya ga sunan, ya nuna mini wani benci, ya ce nan marigayi yake zama yana damunsa da tambaya. Na ce ga yaro na kawo, ga kuma abin koyo.

"Kaka, sabo ne fa. Babu abin da ya same shi."

"Na sani, angona. Zauna ka kwance shi. Duk ƙarfen da ka ciro, ka tambayi Baba don me."

Darasi: Mai gaskiya ba hoto da yabo yake buƙata bayan ya mutu ba. In da gaske kuna girmama shi, ku aikata abin da ya faɗa, ko da a kan yaro ɗaya ne. Ku tura wa wasu, musamman masu zama a kan manyan kujeru.