Ranar da aka hana Afrakoma taka fili

Akwai wata 'yar ƙwallo a garinmu, nan kusa da Sunyani, sunanta Afrakoma Twum. Shekara goma sha biyu tana riƙe da tsakiya a ƙungiyar matan garin. Ba ta cika cin ƙwallo ba, amma duk ci ɗaya da ƙungiyar ta yi, in ka bi sawu, daga ƙafarta ya taso. Da safe ta sayar da dokunu, wato tuwon masara na ƙunshi, da soyayyen kifi a tasha, da yamma ta ɗaura takalmi. Baki kuwa Allah ya ba ta, ba ta raga wa kowa.

Wasan ƙarshe na shekara ya zo. In suka sha kashi, ƙungiyar ta faɗo daga babban rukuni ke nan.

Ana saura kaɗan a fara, mai ƙungiyar, Wofa Kwarteng, wani mai gonakin koko da ba a yi masa musu, ya tara 'yan wasan.

"Bokana ya duba," in ji shi. "Duk ƙungiyar da 'yar wasanta ta goma sha ɗaya ta riga taka fili, ita za a ci. Goma za su shiga. Afrakoma, ke ki tsaya a bakin fili sai tasu ta shiga."

"Ni, Wofa? Don me sai ni?"

"Ke ai ba cin ƙwallo kike ba. Wa zai ji rashinki? Kuma ki ji da kyau, kika shiga ban ce ba, kin gama sa rigar nan."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, amma ta haɗiye.

Ashe baƙin da za a kara da su ma sun je wurin nasu bokan, ya faɗa musu irin wannan. Aka busa usur, goma da goma. Mata biyu na tsaye a bakin fili, kowace da takalmi a ƙafa, suna hararar juna. Abin dariya, abin takaici!

Minti ashirin tsakiyar fili a buɗe kamar ƙofar kasuwa, baƙi na ta wucewa. Mai tsaron gida, Serwaa, ta yi tsalle ta yi ihu har muryarta ta dishe. Afrakoma ta ɗaga wa alƙaliyar wasa hannu.

Koci ya riƙo ta. "Afrakoma, ki rufa mini asiri. Ni ma korata zai yi."

"Koci, shekara goma sha biyu ina kashe gwiwata a filin nan. Ka taɓa ganin bokan nan a wurin atisaye? Sake ni."

Ta shiga. Nan take ta baƙin ma ta shigo, har da rawarta. Ba a yi minti biyar ba aka zura wa Serwaa ƙwallo.

Wayyo, zo ku ga jifa! Ledojin ruwa ta ko'ina, ana ihu, "Ta kashe mu! Mayya!" 'Yan wasan duk jikinsu ya mutu. Afrakoma ta je raga da kanta ta ɗauko ƙwallon, ta dire a tsakiya.

"Ku kalle ni! Boka ne ya ci mu, ko mu ne muka saki mai lamba tara tana yawo? Wadda ta tsorata ta fita, ni ba inda za ni."

Daga nan fa ta hau aikinta. Ta ƙwace nan, ta raba can, ta sha duka ta tashi. Bayan hutun rabin lokaci ta tsaga 'yan bayan baƙi da ƙwallo ɗaya, aka farke. Ana saura minti uku ta ɗaga wata daga gefe, aka sa kai, raga ta motsa. Biyu da ɗaya aka tashi, masu jifan ɗazu su ne masu kiran sunanta.

Sai ga Wofa Kwarteng a ɗakin canza kaya, ko kunya babu.

"Bokana ne ya juya abin lokacin hutu," in ji shi. "Ke kuma na faɗa miki. Kawo rigar."

Ba ta roƙe shi ba. Ta cire, ta ninke, ta ajiye a gabansa. Hawaye ya cika mata ido, amma ba ta bari ya zubo ba.

Serwaa ta miƙe, ta ɗora tata a kai. Wata ta biyo, wata ma ta biyo, har 'yan benci. Riguna masu gumi suka taru a ƙafarsa.

"Wofa," in ji Serwaa da dasasshiyar murya, "baɗi sai ka nemo bokaye goma sha ɗaya su buga maka."

Ya dubi koci, koci ya kau da kai. Can mutumin da bai taɓa sunkuya wa kowa ba ya durƙusa, yana ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya har ya kai ta ƙasa, ta Afrakoma. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Zan sa," in ji Afrakoma. "Amma daga yau koci ke zaɓar masu shiga fili."

Wofa ya ce, "Na ji."

Darasi: Kada tsoron wani ya tsayar da kai a gefe alhali ka san aikinka, kuma kada ka raina wanda wahalarsa ba ta fitowa a allo. Ku tura wa duk wadda aka taɓa ce mata ba za a ji rashinta ba.