Shuni a Kan Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani marini ne ana ce da shi Jatau. Tun yana ƙarami yake tsoma hannu a ruwan baba, har hannuwansa suka rine, ko sabulun salo ba ya fid da shunin. Kunyar hannuwan nan yake ji, musamman in wata budurwa, Tasalla, za ta wuce.

Ita Tasalla kullum da safe ta gefen marinar take bi zuwa rafi, da tulu a ka. Akwai inda ruwan rini ke kwarara ya yi caɓi, sai ta tattare zane ta yi tsalle. Jatau ya lura. Kafin ta fito, sai ya zare hannu daga ramin rini ya jera mata duwatsu uku kusa da kusa, don ita gajera ce, takunta ba shi da faɗi. Da yamma shanu su watsar, gobe ya sake jerawa. Bai taɓa ce mata komai ba sai "Ina kwana."

Rannan aka ji uban Tasalla ya ce nan da kwana huɗu, ran kasuwa, ta faɗi wanda take so. Hankalin Jatau ya tashi. Sai ga Gizo ya sauko daga reshen tsamiya, yana cewa ya san zuciyar mata kamar yunwar cikinsa, ladansa ƙwaryar fura kawai.

Rana ta farko Gizo ya ce ido ne ke so. Jatau ya aro babbar riga ya ɓoye hannuwa, ya ɓata safiya yana naɗa rawani. Tasalla ta zo, ta dubi caɓi, ta dube shi, ta yi tsalle ta wuce. Ƙadangaren da ke kan katangar marina ya ce, "Jatau, duwatsu fa?" Gizo ya ce a rabu da mai gyaɗa wa kowa kai.

Rana ta biyu Gizo ya ce kunne ne ke so. Aka kira maroƙi yana ta zuba kirari. Tasalla ta taka caɓi har idon sawu, ko waiwaye ba ta yi ba. Ƙadangare ya ce, "Jatau, duwatsu fa?"

Rana ta uku Gizo ya ce mace sai da jan aji, ya juya mata baya. Jatau ya juya. Sai ya ji faɗuwa, tulu ya fashe. Tasalla ta tashi ta koma gida da zane jiƙe. Ƙadangare ya bi Jatau da kallo kawai.

Jatau ya tuɓe rigar aro, ya ce ya riga ya rasa ta, amma ba za ta sake faɗuwa ba. Ran kasuwa da sassafe ya jera duwatsunsa, ya koma aikinsa.

Ashe Gizo ya ji Tasalla tana gaya wa ƙawarta cewa mai jera duwatsu take so. Ya riga Jatau zuwa zauren ubanta, ya rantse shi ne. Tasalla ta fito da wani dutse da ta daɗe da ɓoyewa, da shatin yatsu biyar na shuni a jikinsa.

"Malam Gizo, mu ga hannunka."

Gizo ya ce ya yi mantuwa a gida. Ya ruga marina zai tsoma hannu, santsi ya kwashe shi, ya afka rami tsundum. Baƙin nan har yau bai bar jikinsa ba.

Aka kira Jatau, ya zo da hannuwa a baya.

"Fito da su mana," in ji Tasalla. "Su na fara sani kafin na san fuskarka."

Ta ɗora tafinsa a kan dutsen, yatsa ya hau kan yatsa. Ta dubi ubanta ta ce, "Baba, shi ne." Ƙadangare yana kan katanga, ya gyaɗa kai sau uku.

To, jikokina, zuciya ba riga take bi ba, ba kirari ba. Wanda ya lura da takunka, ya gyara maka hanya kullum ba tare da ya faɗa ba, shi take bi.

Ƙungurus kan kusu, ta tsaya a nan.