Gwangwani Uku a Famfo Ɗaya

An yi wani mutum a nan unguwar Arkilla ta Sakkwato, sana'arsa rubuta manhajar waya. Allah ya ba shi kai, sai dai son jiki ya yi masa yawa.

Mahaifinsa, Malam Sodangi, shi ne shugaban manoman shinkafa a wata fadama ta Wamakko. Ya ce wa ɗan nasa ya yi musu manhajar da za ta riƙa faɗa wa manomi gwangwani nawa na maganin ciyawa zai zuba a famfon feshi. Dattijo ya bi gida-gida yana cewa, "Ɗana ne zai yi. Ku yarda da shi kamar yadda kuka yarda da ni."

To, me mutumin naku ya yi? Ya miƙa aikin ga na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira. Kafin shayinsa ya huce ta rubuto komai. Ko layi ɗaya bai karanta ba, balle ya gwada.

Mahaifin ya tambaye shi, "Ka gwada wanga abu?"

Ya ce, "Wallahi, Baba, sau uku."

Ya 'yan uwa, na'ura ce ta yi rantsuwar nan?

Inda ya kamata a zuba gwangwani ɗaya, manhaja ta ce uku. Tsofaffin manoma suka yi turus, amma darajar Malam Sodangi ta sa suka bi. Cikin mako guda shinkafar mutum goma sha bakwai ta ƙone ƙurmus, har da ta wata bazawara, Kaltume, mai marayu huɗu.

Aka taru a bakin gonakin. Dattijo bai daina kare ɗansa ba, ya ce, "Nuna musu inda kuskuren yake, ai kai ka rubuta."

Ɗan ya buɗe kwamfuta, ya ƙura mata ido, gumi na zuba. Bai san farkon aikin ba, bai san ƙarshensa ba. A gaban jama'a ya fara tambayar na'urar, "Ina kuskuren yake?"

Kunya ta rufe shi. Mahaifin ya sunkuyar da kai, a ranar ya ajiye shugabancin shekara ashirin. Ɗan ya bar Sakkwato, har yau ya kasa zuwa gaida mahaifinsa.

Kayan aiki ba laifi ba ne, jama'a. Amma amana kai aka ba, kuma ranar hisabi ba na'ura za a tsayar ba.

Allah ya kiyaye mu da rantsuwa a kan abin da ba mu duba ba.